Ƙirga Daban, Ganewa Daban: Tarihin Aikinmu da Filatilet

A takardar cikakken gwajin jini, wadda a asibiti ake kira FBC, akwai wani layi can ƙasa da aka rubuta PLT. Likita yakan kai ido kan lambar: in ta faɗa tsakanin 150 da 400 sai ya wuce, in ta sauko 40 sai hankalinsa ya tashi. Yana da gaskiya. Filatilet su ne 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke rugawa su toshe jijiya in ta tsage, kuma wanda nasa suka ƙare yana iya zubar da jini ta hanci, ta dasashi, ta mahaifa, har a cikin kai. Amma mu da muke zaune gaban benci a ɗakin gwaji mun san mutum huɗu na iya kawo 40 ɗin nan, kowa da nasa dalili. Na farko zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa su, da ya sha magani za su dawo cikin kwanaki. Na biyu ɓargonsa ne ya daina yin su. Na uku haka Allah ya halicce shi, nasa kaɗan ne amma ƙatti, haka mahaifiyarsa take. Na huɗu lafiyarsa lau, jinin ne ya yi gudaji a kwalba, na'ura ta kasa ƙirgawa. Shekara fiye da 150 ke nan masana jini suna neman hanyar raba waɗannan mutum huɗu, kuma abin da ke damuna shi ne, hanya mafi araha cikin duk waɗanda suka gano ita ce muke saki a ɗakunan gwajinmu yau.

Tun farko ƙanƙantarsu ce ta wahalar da mutane. Faɗin filatilet bai wuce maikuron 2 zuwa 3 ba, alhali jar ƙwaya ta kai 7 zuwa 8. Ba su da cibiya irin ta fararen ƙwayoyi. Ga kuma halinsu: da zarar jini ya bar jijiya sai su manne da gilashi, su manne da juna, su wargaje. Waɗanda suka fara hango su ba su san me suke kallo ba. Alfred Donné a Faransa ya ambace su a 1842, Max Schultze a Jamus ya siffanta su da kyau a 1865, amma masana da yawa na zamanin ɓaraguzan fararen ƙwayoyi suka ɗauke su. Georges Hayem a Paris, wajen 1878, ya ce jajayen ƙwayoyi ne da ba su gama girma ba.

Giulio Bizzozero na Jami'ar Turin a Italiya ne ya raba gardama a 1882, kuma dabararsa ita ce ya ƙi fitar da jinin daga jiki. Ya sumar da zomo, ya shimfiɗa siririn tantanin da ke riƙe da hanji ƙarƙashin maikuroskof, dabbar tana raye, jini yana gudu. Sai ga su suna wucewa ɗai-ɗai tsakanin jajaye da farare, cikakku, ba ɓaraguzan kowa ba. Da ya ɗan danna bangon jijiyar da allura, ya ga sun taru a wurin sun yi tudu, jini yana ɓantarar wasu yana tafiya da su, wasu suna zuwa suna maye gurbi. A zama ɗaya ya tabbatar da samuwarsu ya kuma nuna aikinsu.

Abu na biyu da ya buɗe mana ido shi ne rini, kuma ba don filatilet aka haɗa shi ba. Dmitri Romanowsky, wani likita a St. Petersburg ta Rasha, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro yake nema a 1891 lokacin da ya gauraya jan rinin eosin da shuɗin methylene wanda ya kwana biyu a kwalba. Haɗin ya fitar da launi na uku, shunayya, wanda ke kama wasu sassan ƙwaya ya bar wasu. William Leishman ya gyara shi a 1901, James Homer Wright a 1902, Gustav Giemsa a 1904. Kwalbar Leishman da ke kan bencinmu daga Sakkwato har Maiduguri daga can ta samo asali. Da wannan rini filatilet yakan fito da gefe shuɗi-shuɗi mai haske, tsakiyarsa cike da ɗigo-ɗigo na shunayya. Waɗannan ɗigo-ɗigon ne suka tona asalinsa. A 1906, a Boston, Wright ya rina yankan ɓargo ya ga irin su sak a cikin wasu ƙattin ƙwayoyi da ake kira megakariyosait, ya kuma ga ƙattin suna miƙa sassan jikinsu cikin jijiya, sassan suna tsinkewa. Ashe filatilet gutsattsarin babbar ƙwaya ne. Daga baya aka gane cewa kwana 7 zuwa 10 suke yi a jini, jikin baligi yana yin kimanin biliyan 100 kowace rana, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna zaune ne a saifa.

Tunda rini ɗaya ke kama su duka biyun, har gobe filatilet da ƙwayar zazzaɓi suna rikita mai koyo. Filatilet yakan hau kan jar ƙwaya ya zauna, sai ya yi kama da ƙwayar cuta a cikinta. Na sha tsayawa bayan ɗalibi yana shirin rubuta cewa ya ga maleriya, in ce masa, "Malam, ɗan juya fokas ɗin tukuna." Ƙwayar zazzaɓi tana da zobe shuɗi tsaf da jan ɗigo guda mai kaifin gefe. Filatilet kuwa tsakiyarsa burbushi ne, gefensa bai fita sosai ba, kuma galibi akwai ɗan fili mai haske kewaye da shi inda ya danne jar ƙwayar. Kama da wane ba wane ba ne. Ina da yaƙinin cewa wani kaso na sakamakon "maleriya fulos ɗaya" da ake raba wa jama'a filatilet ne ko dattin rini, mutum ya tafi ya sayi maganin da ba ya buƙata, ainihin ciwonsa kuma yana nan.

Da rini da maikuroskof da kaifin ido kaɗai, likitocin rabin farko na ƙarni na ashirin suka gano yawancin ire-iren filatilet da muka sani. Richard May a 1909, sannan Robert Hegglin a 1945, sun ga mutane masu ƙattin filatilet tare da wani shuɗin tabo a cikin fararen ƙwayoyinsu. Alfred Wiskott a Munich, a 1937, ya siffanta wasu yara maza 'yan uwan juna masu ƙaiƙayin fata da yawan kamuwa da cuta da zubar jini, ciwon da yau muke ganewa da ƙananan filatilet fiye da kima. Jean Bernard da Jean-Pierre Soulier a Paris, a 1948, sun ga wani matashi da filatilet ɗinsa suka kusa girman fararen ƙwayoyi. Amma wanda na fi so in koya wa ɗalibai shi ne aikin Eduard Glanzmann, likitan yara a Bern ta Suwizalan, a 1918. Yaran da ya duba suna zubar da jini alhali filatilet ɗinsu ba su da wata alamar ƙanƙanta ko girma. Abu biyu ya lura da su. In an bar jininsu a kwalba ya daskare, gudan jinin ba ya tsukewa ya matso ruwa yadda na mai lafiya ke yi. In kuma an shafa jinin a gilashi, filatilet ɗin suna zaune ɗai-ɗai, ba sa haɗuwa. Duk biyun ana iya yin su a ƙaramin asibitin karkara: kwalbar gilashi a ɗumin jiki na awa ɗaya, da ɗigon jini kai tsaye daga yatsa ba tare da maganin hana daskarewa ba. Ciwon Glanzmann sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi yawa inda auren zumunci ya yi ƙarfi, irin su kudancin Indiya da wasu al'ummun Gabas ta Tsakiya. Mu ma auren zumunci al'adarmu ce. Yarinyar da al'adarta ta farko ta kai ta ga ƙarin jini, ko yaron da jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya, aka ƙirga aka ce filatilet sun cika, ya cancanci a yi masa waɗannan gwaje-gwaje biyu kafin a sallame shi.

Ƙirga kuwa ta daɗe tana ba da wuya. Anton Fonio a 1912 ya bi ta bayan gida: a ƙirga filatilet nawa ke tsakanin jajayen ƙwayoyi dubu a gilashi, sannan a yi lissafi. Rees da Ecker sun kawo ruwan tsarma jini mai rini a 1923, amma ƙura da ƙwayoyin cuta a cikin ruwan duk sai su shiga lissafi. Gyaran da ya zauna ya zo ne a 1950 daga George Brecher da Eugene Cronkite a Amurka, a zamanin da ake binciken abin da tururin bam ɗin nukiliya ke yi wa ɓargo, ana buƙatar ƙirga da za a dogara da ita. Sun yi amfani da ammonium oxalate kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyi ya bar filatilet.

Da wannan hanya aka yaye tsararmu, kuma har yau hannuna ya san ta. Za ka ɗebi jini maikurolita 20 ka zuba a ruwan oxalate mililita 0.38, wato ɗaya cikin ashirin, ruwan kuma sai an tace shi don ko ɗan ƙura zai iya zama filatilet a idonka. Ka jujjuya a hankali, ka jira jajayen su fashe. Ka goge gilashin ƙirga na Neubauer, ka danna murfinsa har sai ka ga launukan bakan gizo a gefe, alamar ya zauna daidai. Ka cika shi da ɗigo ɗaya ba tare da ya malala cikin kwari ba. Sannan ka sa shi a faranti mai murfi tare da jiƙaƙƙiyar takarda na minti 20, don ƙwayoyin su kwanta ruwan kuma kada ya bushe, musamman a lokacin hunturu da iska ke shanye komai. Ka sauke kwandensa, ka rage haske, sai su bayyana: 'yan ɗigo masu ƙyalli, wasu da ɗan siririn ƙafa, suna rawa a wuri ɗaya. Aiki ne mai cin ido, kuma ko ƙwararru biyu sukan bambanta da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Ba na kewar ciwon kan da yake sawa. Amma wanda ya ƙirga ta wannan hanya ya ga kowane filatilet da idonsa. In ƙatti ne ya gani, in sun yi gudaji ya gani.

Na'urar da ta karɓi aikin ta fito ne daga tunanin Wallace Coulter, injiniyan lantarki a Chicago, wanda ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1953. Ana tsarma jini a ruwan gishiri, a ja shi ta wata 'yar huda da wutar lantarki ke ratsawa. Duk ƙwayar da ta wuce sai ta ɗan tare wutar, na'ura ta ƙirga ɗaya, girman tarewar kuma ya nuna girman ƙwayar. Sai a shekarun 1970 aka kai ga ƙirga filatilet kai tsaye daga cikakken jini. Ci gaba ne babba: dubban ƙwayoyi cikin minti ɗaya, maimakon 'yan ɗaruruwa cikin rabin awa. Sai dai na'urar girma kaɗai ta sani. Kamar makiyayi ne da ya tsaya bakin garke cikin duhu yana shafa bayan duk dabbar da ta wuce, ƙarama ya ce akuya, babba ya ce saniya. Ɗan maraƙi zai shiga lissafin awaki, ƙaton bunsuru kuma ya tafi cikin shanu. Yawancin irin waɗannan na'urori abin da ke tsakanin femtolita 2 da 20 ko 30 suke kira filatilet. Ƙaton filatilet sai ya faɗa cikin jajaye, lamba ta sauka ƙasa da gaskiya. Ƙananan jajayen ƙwayoyi na mai tsananin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko gutsattsarin jajaye, sai su faɗa cikin filatilet, lamba ta hau. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin mai ciki da jijjiga ta kama, jininta yana farfashewa filatilet ɗinta suna ƙarewa, ita ce na'ura za ta iya ba wa lamba mai kwantar da hankali ana shirin shiga da ita tiyata.

Ga kuma kwalbar da muke zuba jinin, mai maganin hana daskarewa na EDTA. Tun 1969 aka ba da rahoton cewa a jinin wasu mutane wannan magani yana sa filatilet su dunƙule, kusan samfuri ɗaya cikin dubu. A wasu kuma sai su yi wa farar ƙwaya zobe, abin da aka fara siffantawa a 1963. Mutumin lafiyarsa ƙalau. Duba wutsiyar gilashi da gefunansa, za ka ga gudajin jibge. Sake ɗiba a kwalbar sitiret, ka ninka sakamakon da 1.1 saboda ruwan da ke cikinta, magana ta ƙare.

Yawa da girma ba su faɗin ko filatilet yana aiki. William Duke ya fara auna wannan a 1910 ta hanyar huda fatar kunne yana duba agogo, daga baya hanyar Ivy ta mayar da shi damtse tare da ɗaure hannu da abin awon jini a 40. Gwajin bai da tabbas, ƙasashe da yawa sun bar shi. Wanda ya kawo ainihin ma'auni shi ne Gustav Born, ɗan masanin kimiyyar nan Max Born. Yana matashin likitan sojan Birtaniya aka tura shi Hiroshima bayan bam, ya ga mutane suna zubar da jini saboda ɓargonsu ya ƙone, abin bai bar zuciyarsa ba. A 1962 shi da John O'Brien, kowa a nasa ɗakin gwaji a Ingila, suka fito da dabara ɗaya. A juya jini a hankali har jajaye su kwanta, a ɗebi ruwan sama mai gurɓi saboda filatilet da ke yawo a ciki. A haska fitila ta cikinsa, a ɗiga abin da ke tsokanar su. In sun dunƙule ruwan zai washe, haske ya ƙaru, alƙalamin na'ura ya zana layi a takarda.

Kyawun wannan gwaji a jerin abubuwan tsokanar yake: ADP, kolajin, adiranalin, da ristosetin. Shi ristosetin maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka janye daga kasuwa saboda yana rage filatilet, sai Margaret Howard da Barry Firkin a Ostareliya suka mayar da aibinsa abin gwaji a 1971. Filatilet ɗin mai ciwon Glanzmann ba sa motsi da komai sai ristosetin. Na mai ciwon Bernard-Soulier suna amsa komai ban da ristosetin. Duk wanda ya taɓa ganin takardun biyu a jere ba ya mantawa. Amma gwaji ne mai tsada da shagwaɓa: dole a gama shi cikin awa huɗu da ɗibar jini, ba a sa samfurin a firiji, kuma majiyyaci ya yi kwana goma bai sha asfirin ba, tunda an nuna tun 1967 cewa asfirin yana kashe kaifin filatilet. A wurinmu tambayar "ka sha asfirin?" ba ta isa ba. Sai ka tambayi garin Alabukun da duk wani maganin ciwon jiki da aka saya a kemis, domin mai shan su bai san abin da ke ciki ba.

Daga nan bincike ya shiga cikin ƙwayar da kuma fatarta. Maikuroskof na lantarki, musamman a hannun James White na Minnesota, ya nuna cewa ɗigo-ɗigon nan iri-iri ne, kuma akwai masu rasa wani iri. A 1974 da 1975 Alan Nurden da Jacques Caen a Paris suka gano cewa masu ciwon Glanzmann da masu Bernard-Soulier kowanne akwai furotin ɗin da ya rasa a fatar filatilet ɗinsa. Da aka iya ƙera antibodi mai kama furotin guda tak, aka ɗaura masa rini mai ƙyalli, sai aka sami na'urar da ke jera ƙwayoyi ɗai-ɗai gaban hasken leza tana karanta alamar da ke jikin kowace. Duk mai ɗauke da alamar CD41 ko CD61 filatilet ne, ƙato ne ko ƙanƙane. A 2001 ƙungiyoyin masana jini na duniya suka ɗauki wannan a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyin ƙirga da shi.

Hanyar ta kuma amsa wata tsohuwar tambaya: ana cinye filatilet ɗin ne, ko ba a yin su? Cewa jiki yana iya cinye nasa, William Harrington ne ya tabbatar a St. Louis a 1950, lokacin da ya sa aka ƙara masa jinin wata mai ciwon da ake kira ITP. Cikin awoyi filatilet ɗinsa suka zube, ya yi jinya mai tsanani, sannan suka dawo bayan kwanaki. A irin wannan hali ɓargo yana ta turo sababbi, sababbin kuma sun fi girma kuma suna ɗauke da ragowar RNA. Ingram da Coopersmith sun gan su a jinin karnuka a 1969, Kienast da Schmitz suka auna su da na'urar leza a 1990, kuma tun wajen 2004 wasu manyan na'urorin Sysmex suke ba da kasonsu da sunan IPF. In kason ya hau, ɓargo yana aiki, a waje ake ɓarnar. In lamba ta faɗi kason bai hau ba, a duba ɓargo. Wanda ba shi da wannan na'ura yana iya samun rabin amsar a gilashi: filatilet kaɗan, wasu manya masu shuɗi-shuɗi a cikinsu, alamar ɓargo yana ƙoƙari ce.

Filatilet ma suna da rukuni kamar yadda jajaye suke da A da B da O. Van Loghem a Amsterdam ya gano na farko a 1959, aka tsara sunayensu da HPA a 1990, bayan Peter Newman a Milwaukee ya nuna a 1989 cewa bambancin amino asid ɗaya tak ne ya raba HPA-1a da HPA-1b. Uwar da ba ta da rukunin da jaririnta ya gada daga uba tana iya yin antibodi da zai cinye filatilet ɗinsa tun yana ciki, ko da cikin fari ne. A Turawa HPA-1a ne ke yawan jawo wannan, domin kusan kashi biyu cikin ɗari ba su da shi. A mutanen Afirka da gabashin Asiya kuwa akwai wani abin daban: rashin furotin CD36, wanda da wuya a same shi a Bature. Wannan ya isa ya nuna cewa kayan gwajin da aka tsara don Turai ba lallai su kama matsalarmu ba. Farfesa Etim Essien a Ibadan ya nuna irin haka tun shekarun 1970, cewa adadin filatilet na lafiyayyun 'yan Najeriya yakan gaza abin da littattafan Turai suka rubuta, daga baya kuma ya nuna yadda zazzaɓin cizon sauro ke sa su saurin dunƙulewa. Duk da haka yawancin takardunmu 150 zuwa 400 ɗin da na'ura ta zo da shi daga masana'anta suke bugawa.

Akwai wata yarinya da aka taɓa turo mana jininta daga wani asibiti. Haɓo take yi jefi-jefi, na'ura tana ba da lamba ƙasa ƙwarai, an yi watanni ana ba ta prednisolone a kan ITP ne, fuskarta ta kumbura, lambar ba ta motsa ba, har an fara maganar cire saifa. Da aka shafa jinin a gilashi, filatilet ɗin kaɗan ne amma wasu sun kai girman jar ƙwaya. A cikin fararen ƙwayoyinta, can gefe, ga wani tabo shuɗi mai haske, wanda sai rini ya yi kyau ake ganinsa. Ƙirgar hannu ta ba da lamba sama da ta na'ura nesa ba kusa ba. Na fita na sami mahaifiyarta a benci na ce, "Mama, ko akwai mai irin wannan a gida?" Ta ce, "Ai ɗan nan, haɓo a gidanmu gado ne, ni ma haka na taso." Muka roƙi ɗigon jininta, ga ƙattin, ga tabon. Abin da May ya gani a 1909 ke nan. Tun 2000 aka san ƙwayar gadon MYH9 ce ke jawo shi, kuma abin da irin wannan yarinya ke buƙata shi ne a daina ba ta maganin da ba zai yi ba, a riƙa duba ƙodarta da jinta da idonta, a kuma shirya mata in za ta haihu ko za a yi mata aiki.

Manyan cibiyoyin Turai da ke da na'urar karanta ƙwayoyin gado ba su yar da gilashi ba. A 2017 Andreas Greinacher na Greifswald a Jamus da abokan aikinsa suka wallafa hanyar gane cututtukan filatilet na gado da dama daga busasshen jinin da aka shafa a gilashi, wanda ake iya aikawa ta gidan waya a rina shi da antibodi a can. Mu kuwa da na'urar ƙirga ta iso, sai maikuroskof ya koma na duba maleriya da bahaya kawai. Na ga ɗakunan gwaji da ke fitar da FBC tuli a rana ba a shafa ko gilashi ɗaya ba, na'ura tana buga alamar gargaɗi kusa da PLT, ana yage takarda ana miƙawa. Matasan ba su da laifi. Aiki ya yi musu yawa, Leishman ɗin da ake saya wani sa'in ba ya kamawa, ruwan bafa na 6.8 da ake tsarma rinin da shi babu, man duba gilashi ya ƙare.

Roƙona ga shugabannin ɗakunan gwaji shi ne su mayar da shi doka a rubuce: duk PLT da ya gaza 100, ko na'ura ta yi masa alama, ko bai dace da halin majiyyaci ba, kada ya fita sai an shafa gilashi an duba. A lafiyayyen jini ana ganin filatilet kimanin 8 zuwa 20 a kowane fili na babban idon maikuroskof, wannan kaɗai ya isa a kama na'ura in ta kauce. A rubuta abin da aka gani da kalmomi a ƙasan lambar: akwai gudaji, akwai ƙatti, ƙanana ne, ba su da ɗigo, akwai gutsattsarin jajaye. A sa kuɗin rini mai kyau da bafa da mai a kasafi kamar yadda ake sa na ruwan na'ura. Ku kuma likitoci, kafin ku rubuta prednisolone, ko ku nemi jakar filatilet, ko ku fasa tiyata saboda lambar da ke takarda, ku ɗaga waya ku tambaye mu ko an duba gilashin.